Injin ƙyanƙyashe ƙwai mai cin 56: abin da ya iya da abin da ya bar wa mai kiwo

Duk wanda ya fara tara kaji a bayan gida, ba ya daɗewa tallar wannan inji take iske shi. Ƙaramin akwati ne na roba, ƙirar ƙasar Sin, murfinsa garau ana hango ƙwai daga waje. A cikinsa akwai faranti mai layi bakwai, kowane layi da gurbi takwas, ƙwai 56 ke nan. Ana samunsa a shagunan kayan kiwo da magungunan dabbobi, ana kuma tallarsa a Jumia da Jiji da Facebook da sunaye barkatai, amma in an buɗe ciki kusan duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Maganar nan a kan wanda yake aiki da wutar gida da kuma batir mai bolt 12 ce. Wanda wutar NEPA kaɗai yake sha, a halin da wutarmu take ciki, sayensa jefa ƙwai ne a rijiya.

Injin yana ƙyanƙyasa, wannan babu tantama. Sai dai aiki biyu kacal yake yi da kansa: yana ɗumama ƙwai, yana juya shi. Ba ya sanyayawa, ba ya zuba wa kansa ruwa, lambar da yake nunawa a fuskarsa kuma ba abar yarda ba ce sai an gwada ta. Masu talla suna rubuta cewa ƙwai 98 cikin 100 zai fashe. Wannan lissafin kwali ne. Wanda ya zuba 56, ya haska ya tarar 45 suna da tsako, ya kwashe 'yan tsaki 33 ko 35 masu lafiya, ya yi abin yabo, injin ma ya fita kunya.

A jikin murfin ne mafi yawan kayan aikin suke: wayar ɗumi, fanka mai zagaya da iska, ɗan kan da yake jin zafi da danshi wanda masu gyara suke kira sensa, sai allon lambobi da maɓallai. A ƙasa akwai kwatami biyu ko uku na zuba ruwa, da ragar roba da 'yan tsaki za su tsaya a kai. Farantin ƙwai yana da ɗan injinsa da yake karkata layukan zuwa dama, bayan awa biyu ya mai da su hagu. Wannan juyi shi ne mafi dacewar abin da aka saka a injin. Ƙwan da ba a juyawa, musamman a makon farko, tsakon yakan manne wa ɓawo ya mutu, kuma ba kowa ne zai jure juya ƙwai 56 da hannu sau biyar a yini har kwana 18 ba. Robar jikin kuwa siririya ce, ba ta riƙe zafi. Shi ya sa farin soson nan mai tauri da injin yake zuwa a cikinsa ba shara ba ne. Rigarsa ce ta hunturu da lokacin da aka ɗauke wuta, kada a bar wa yara su yi wasa da shi.

Kafin ƙwai ya shiga, a kunna injin fanko ya yi yini ɗaya cur, da ruwa a kwatami ɗaya. Zafin da ƙwan kaza yake so a inji mai fanka shi ne digiri 37.5 zuwa 37.8. Da yawa suna zuwa a saite a kan 38, kuma sensa kan yi kuskuren rabin digiri ko ma digiri ɗaya. Rabin digiri ba ya ɗaga wa mutum hankali, amma a wurin ƙwai shi ne bambancin tsako lafiyayye da nakasasshe. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce ma'aunin zafin jiki na lambobi da ake sayarwa a kemis, domin an yi shi ne don daidai wannan matakin zafi. A cika ƙaramar kwalba da ruwa mai ɗumi, a ajiye ta a tsayin da ƙwai zai zauna, a bar ta awa huɗu ko biyar, sannan a tsoma ma'aunin a ruwan a karanta. Idan allo yana cewa 37.8 ma'auni kuma ya ce 38.4, injin yana ƙona ƙwai yana ɓoyewa. A mafi yawansu, in an danne maɓallin SET na 'yan daƙiƙu za a ga wasu haruffa suna fitowa, wanda aka rubuta CA shi ne wurin gyara wannan kuskure. A maimaita gwajin a tsakiya da kusurwoyi. Kusurwa ta fi sanyi kusan kullum, don haka ranar da aka buɗe don haska ƙwai sai a musanya na gefe da na tsakiya.

Inda injin ya fi ba mutane kunya a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar shi ne bazara. An ƙera shi ne da tunanin ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 20 zuwa 27 ba, wanda aikin hita shi ne ta cike gibin. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, zafin rana yana haura 40, ɗaki mai rufin kwano ba silin kuma yana iya kaiwa nan. A wannan hali hita ta mutu tun hantsi, amma zafin cikin akwatin sai hawa yake, don babu abin da zai sauke shi. Ƙari a kan haka, daga wajen kwana na 12 zuwa sama tsakon da ke cikin ƙwai yana fitar da nasa zafin, ƙwai hamsin a rufe a ɗan akwati murhu ne ƙarami. Injin zai yi ta kuka, iyakar taimakonsa ke nan. Ƙwai yana jure sanyi na 'yan awoyi, ƙyanƙyasar ta ɗan yi jinkiri kawai. Zafin da ya kai 40 da rabi ko 41 ya zauna awoyi kuwa kisa yake yi, wanda ya tsira ma yakan fito da karkatattun yatsu ko cibiya a buɗe.

Dabarun rage wannan sanannu ne. A sa injin a ɗakin ƙasa ko ɗakin da ya fi kowanne sanyi a gidan, a ƙasa ba a kan tebur ba, nesa da taga da bangon da rana take duka da yamma. A cire masa rigar soso. A buɗe ƙofar iskarsa gaba ɗaya, a rataya jiƙaƙƙen buhu a tagar ɗakin. Da azahar in lamba ta kai 38.5 a ɗaga murfi na minti biyu ko uku. Duk wannan lallaɓawa ce, kuma tana bukatar mutum ya kasance a gida daga azahar zuwa la'asar kullum. A ganina, wanda ba shi da ɗaki mai sanyi gara ya naɗe injin daga tsakiyar Maris har ruwa ya sauka. Dama a wannan lokaci zakara ma ba ya kan ganiyarsa, kaji suna rage ƙwai, wanda suka yi kuma ɓawonsa ba ƙwari.

Danshi ya fi zafi rikitarwa, domin littafin da ke cikin kwali bai san hunturu ba. Ƙa'idar ita ce kashi 50 zuwa 55 cikin 100 daga rana ta farko zuwa ta 18, sai a ɗaga zuwa 65 ko 70 a kwana ukun ƙarshe na kwana 21 da ƙwan kaza yake ɗauka. A watan Janairu iskar waje kan bushe har danshinta ya sauka ƙasa da kashi 20, fanka kuma tana jawo wannan busasshiyar iska ciki ba dare ba rana. Kwatami ɗaya ba zai isa ba, kuma ruwan yakan ƙafe cikin yini. A watan Agusta labari ya juya: iska a jiƙe take, wanda ya cika duka kwatamai kamar yadda littafi ya ce zai nutsar da 'yan tsakinsa a cikin ƙwai. A tsakiyar damina sau da yawa rabin kwatami ɗaya ya wadatar har kwana 18. Abin da mutane suke yawan kuskurewa shi ne, faɗin fuskar ruwa ne yake kawo danshi, ba zurfinsa ba. Ƙara ruwa a kwatamin da dama yana da ruwa ba ya ɗaga lamba, sai dai ya jinkirta ƙafewa. Mai son ƙarin danshi sai ya cika kwatami na biyu ko ya ajiye tsaftataccen soso jiƙaƙƙe. Ruwan ya zama mai ɗumi, a zuba ta ɗan ramin da ke gefe da kwalbar da injin yake zuwa da ita ko da sirinji, ba sai an ɗaga murfi ba.

Ma'aunin danshin injin ya fi na zafinsa ƙarya. Abin dogaro shi ne ƙwan kansa. Ƙwai yana rage nauyi yayin da ruwan cikinsa yake fita ta ƙofofin ɓawo, kuma daga ranar zubawa zuwa kwana 18 ya kamata ya rage wajen kashi 12 cikin 100. A zaɓi ƙwai goma, a yi musu alama da fensir, a auna su tare a ƙaramin sikelin kicin. Idan sun ba da giram 500 ranar farko, ana sa ran wajen 480 a kwana na 6, 460 a na 12, 440 a na 18. In suna sauka da sauri fiye da haka, a ƙara ruwa. In sun ƙi sauka, a rage. Wanda ba shi da sikeli sai ya duba aljihun iskar da ke kan ƙwai mai faɗi da tocila: ƙarami ne da farko, a kwana 18 kuma ya kamata ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙwan. Aljihun nan ne tsako yake fara hudawa ya shaƙi iskarsa ta farko. In ya yi ƙanƙanta, sai a tarar da tsako ya cika, gashinsa ya fito tsaf, amma ya mutu bai fasa ɓawo ba.

Sai wuta. A jikin yawancinsu an rubuta wat 80. A kan batir mai bolt 12, wannan kusan amfiya 7 ke nan duk awa in hita tana ci ba tsayawa. Batir mai 100Ah, wanda bai kamata a sha fiye da rabinsa ba in ana son ya yi ƙarko, zai riƙe injin awa bakwai da ɗoriya a daren hunturu, ko wajen awa goma sha biyar a lokacin da hita take hutawa rabin lokaci. Batirin babur da wasu masu shago suke cewa ya isa, ko awa ɗaya ba zai kai ba. Batirin mota yana yi na ɗan lokaci, amma ba a ƙera shi don a riƙa tatse shi kullum ba, 'yan watanni ya gaji. Mai son rabuwa da NEPA gaba ɗaya ya yi lissafin wajen yunit ɗaya na wuta a yini, wato farantin sola mai wat 300 da na'urar daidaita caji da batir mai jure tatsa. Kuɗin waɗannan ya ninka na injin, kuma babu mai talla da yake faɗa. Akwai wani tarko da ya kamata a gwada tun a shago: a wasu samfurori, in aka koma kan batir hita da fanka ne kawai suke aiki, injin juyi yana jiran wutar gida. Wanda bai sani ba zai kwana uku ba wuta yana murna lamba ba ta sauka ba, alhali ƙwai yana kwance wuri ɗaya. A cire filogi, a maƙala batir, a danna maɓallin gwajin juyi, a gani da ido. In wuta da batir suka yanke tare, a mai da rigar soso, a lulluɓa bargo amma a bar ƙofar iska, a jingina gorunan ruwan ɗumi a jikin akwatin. Wutar janareto mai hawa da sauka da wutar da take dawowa da ƙarfi su ne suke ƙona allon, don haka ƙaramin sitabilaiza ba almubazzaranci ba ne.

Rabin zagin da injin yake sha, laifin ƙwai ne. Ƙwan kiret na kajin gidan gona ba ya ƙyanƙyasuwa ko a injin wa aka sa shi, domin kajin ba su taɓa ganin zakara ba. Ƙwan da za a zuba sai na garken da ke da zakara ɗaya ga kaji takwas zuwa goma, kuma in sabon zakara ne a ba shi mako guda kafin a fara tara ƙwai. A kwashe sau biyu ko uku a yini, kada ya wuni a rana. A ajiye shi kan mai tsini a ƙasa, a wuri mafi sanyi a gidan, irin gindin randa a kan yashi mai laima, kuma kada ya wuce kwana bakwai. A lokacin zafi kwana huɗu ko biyar ma ya isa, domin zafin ɗaki yana sa tsako ya soma girma kaɗan-kaɗan ya raunana tun bai shiga inji ba. Ba a wanke ƙwai. Akwai wani siririn rufi a bayan ɓawo da yake tare ƙwayoyin cuta, ruwa yana cire shi. Mai ɗan datti a goge shi da busasshen tsumma, wanda kashi ya ɓata sosai a kai shi kicin, haka mai tsaga, da mai siririn ɓawo, da ƙato mai gwaiduwa biyu, da mai siffa bambaraƙwai. Ƙwan da ya sha hanya a mota ko babur a bar shi ya huta awa goma sha biyu kafin a zuba. A gurbi, kan mai faɗi ne a sama. Wanda aka kifa, tsakon yakan juya kansa inda babu iska.

A nan ne kuma girman injin yake zama matsala ga mai kiwon sha'awa. Cika gurbi 56 da ƙwan da bai wuce mako ba yana nufin ƙwai takwas kullum. Kazar gida tana yin goma zuwa goma sha biyu ne ta nemi kwanci, don haka mai kaji shida ko bakwai ba zai taɓa cika shi ba. Abin da ya fi zuwa wa mutum a rai shi ne ya riƙa ƙara ƙwai duk kwana biyu, wannan kuwa shi ne babban kuskure. Akwati ɗaya ne, danshi ɗaya, farantin juyi ɗaya. Ranar da na farko suke son a daina juyi a ɗaga danshi, na baya suna son akasin haka, ga kuma ƙazantar ƙyanƙyasa tana sauka a kansu. Mafita biyu ce: ko a sayi ƙarami mai cin 24 ko ƙasa da haka, ko a haɗa kai da maƙwabta a zuba rana ɗaya, kowa ya rubuta alamarsa da fensir. Zubi na farko kuma kada a yi shi da ƙwai mai tsada. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, a gwada da goma sha biyar na kajin gida tukuna, a ga halin injin.

Ana haska ƙwai a kwana na 7 da na 14 da na 18, a ɗaki mai duhu. Wasu samfurorin suna da 'yan fitilu a ƙarƙashin kowane gurbi, abin sha'awa a ido amma haskensu ba ya ratsa ɓawo mai duhu. Tocila mai ƙarfi da aka naɗa wa kwali a baki ta fi su. A kwana na 7 ƙwai mai rai yana nuna jijiyoyin jini kamar saƙar gizo da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya. Wanda yake fayau ba zakara, wanda ke da jan zobe kuma ya soma ya mutu. Duka a fitar da su. Bara-gurbin da aka bari yana iya fashewa cikin inji, warinsa kaɗai ya isa hukunci, ƙwayoyin cutarsa kuma su bi sauran. Duk ƙwan da ya fara tsattsafo da ruwa ko yake wari, a ɗauke shi a hankali nan take.

A kwana na 18 ake cire farantin juyi a kwantar da ƙwai a kan raga. Ragar robar tana da santsi, tsakon da ya zame a kanta ƙafafunsa sukan baje su ƙi haɗuwa, don haka a shimfiɗa wani yadi mai kaushi wanda iska take ratsawa, ba jarida ba. A cika kwatamai, a rufe, a kama kai. Wannan murfi mai kyau da ake kallon ƙyanƙyasa ta cikinsa shi ne kuma jarabar injin, musamman a gidan da yara suke. Duk ɗagawa ɗaya a hunturu tana kwashe danshin cikin daƙiƙu, fatar cikin ƙwan da aka riga aka huda ta bushe ta naɗe tsako kamar leda. Daga huda ɓawo zuwa fitowa tsako yana iya ɗaukar awa 12 har zuwa 24, yana hutawa yana janye sauran gwaiduwa cikin cikinsa. Wanda ya yi gaggawar ɓare masa zai ga jini. Waɗanda suka fito a bar su su bushe, ko yini ɗaya suka yi ba ci ba sha ba komai, gwaiduwar tana riƙe da su. Sai dai fankar wasu samfurorin ba ta da isasshen kariya, kuma rufin gajere ne, a duba tun kafin a zuba ƙwai, in akwai gibi a ɗaura 'yar raga.

Ranar fitowa ita ce sakamakon jarrabawar injin. In sun fara fita a kwana na 19, zafi ya yi yawa. In sai na 22 ko 23, ya yi kaɗan. In wasu sun fito da wuri wasu a makare, ko dai kusurwoyi sun yi sanyi ko ƙwan ba sa'o'in juna ba ne. Tsako mai kumburarren ciki da laushin jiki alamar danshi ne da ya wuce kima, ƙanƙane busasshe mai ɓawo manne a gashi kuma alamar ƙarancinsa. A fasa waɗanda suka ƙi fita a duba matakin da suka mutu, nan ne gyaran zubi na gaba yake.

Wurin da na ga injin ya fi cancantar kuɗinsa shi ne ƙwan zabi. Zabuwa tana zuba ƙwai da yawa da damina amma ba ta da haƙurin kwanci da reno, abin da ya sa tun kaka da kakanni kaza ake sa wa ƙwanta. Kaza ɗaya kuwa kaɗan za ta rufe. Lokacin ƙwan zabi ya dace da lokacin da zafin gari ya sauka kuma danshi yake wadace, wato lokacin da raunin injin ba ya fitowa. Kwana 26 zuwa 28 yake ɗauka, a daina juyi a na 24 ko 25. Ɓawonsa da kauri, haskawa sai da tocila mai ƙarfi kuma gara a jira kwana na 10. Na bakin hanya da na tasha ba abin zubawa ba ne, ba a san kwanansa ba, wani ma dafaffe ne. Talo-talo kwana 28 ne, amma ƙwansa yana matsuwa a gurbin, sai an tsallake ɗaya. Agwagwar gida mai jan fuska tana kaiwa kwana 35. Kada a haɗa jinsi biyu a zubi ɗaya sai in an lissafa su fito rana ɗaya. Masu kiwon Noiler, kazar da kamfanin Amo Farm ya samar, su ma suna amfana tun da ba kasafai take kwanci ba, sai dai su sani cewa haɗin iri ce, 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe a gida ba sa fitowa bai ɗaya kamar iyayensu a girma da yawan ƙwai.

Abin da injin ba ya bayarwa shi ne uwa. Kazar da ta yi kwanci ita ce ɗumi, ita ce mai gadi, ita ce mai koya tsince. Ribar raba ta da wannan aiki ita ce, maimakon ta yi mako uku a kwance da wajen wata biyu tana reno, sai ta koma ƙwai da wuri. Amma renon ya dawo wuyan mai gida. A tanadi wurin ɗumi tun kafin kwana na 21: digiri 33 zuwa 35 a makon farko, ana rage wajen 3 duk mako, da fitila ko tukunyar gawayi da aka kare, a kan buntun shinkafa ko ɓarzajjen katako. In sun cunkushe a gindin wuta sanyi suke ji, in sun watse gefe suna haki ya yi yawa. Tsakon kamfani yana zuwa da rigakafin ranar farko, na gida ba shi da ko ɗaya, don haka sai an bi jadawalin rigakafin cutar Gumboro da na cutar Newcastle, wanda ake kira Lasota, da na ƙuraje tare da ma'aikacin dabbobi. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke jihar Filato tana cikin masu yin waɗannan magunguna, kuma kwalba ɗaya ta fi ƙarfin 'yan tsaki talatin, wani dalilin ke nan na haɗa kai da maƙwabta. Masu haɗa kiwon kaji da zomaye su lura da abu biyu. Kada a yi wa 'yan tsaki masauki a ƙarƙashin kejin zomo don neman wuri, fitsarin yana jiƙa shimfiɗa, jiƙaƙƙiyar shimfiɗa kuma ita ce gidan cutar kashin jini. Kada kuma a zuba wa zomo ragowar abincin 'yan tsaki, wasu magungunan da ake gaurayawa a ciki guba ne gare shi.

Wajen tsafta ƙirar ta yi kyau rabi. Gindin roba ne zalla, ana wanke shi da sabulu da ruwan bilic kaɗan a shanya. Murfin kuwa ba ya shan ruwa, kuma nan ne gashin 'yan tsaki yake taruwa a fanka da sensa, haɗe da ƙurar hunturu. A goge da busasshen buroshi mai laushi bayan kowace ƙyanƙyasa, in ba haka ba fanka ta soma ƙara, ta rage gudu, zafi ya daina rarrabuwa. Abubuwan da suka fi saurin lalacewa su ne fanka da injin juyi da sensa. Fankar irin ta kwamfuta ce, mai gyaran rediyo zai iya canza ta, injin juyi ma ana samu, allon lambobi ne in ya ƙone sai an yi dace. Saboda haka kafin a biya a tambayi mai shago ko yana da kayan canji, a sa shi ya kunna injin a gabanka har zafi ya kai 37, a ga juyi a kan wuta da kan batir, a tabbatar igiyar batir da kwalbar ruwa da rigar soso suna cikin kwali. Wanda ya yi oda ta intanet ya yi waɗannan gwaje-gwaje ranar da kaya suka iso, tun wa'adin mayarwa bai wuce ba, kuma ya sayi ma'aunin zafi na kemis a hanyarsa ta komawa gida.